Ƙyallen Tarbar Kawu Inayat

"Duk abin da idonka ya gani a intanet, ni Sarfraz zan ɗauko maka shi ɗungurungum in dire a takarda, ko ɗigo ba zai faɗi a hanya ba. Launinsa, adonsa, zanensa, kai, in shafin yana da ƙamshi ma, da ƙamshinsa zai zo!"

Karatunsa ke nan kullum a bencin mai shayin bakin layinmu a garin Gujranwala, ƙafa ɗaya kan ɗaya, jakar kwamfuta a cinya kamar mai jego da jariri. Abokina, in ka ga Sarfraz ka ga iyayi da ƙafafu. Wani ɗan kwas ya yi a saman shagon mai faci, aka ba shi takardar shaida wadda katakon da ya kewaye ta ya fi ilimin da ke cikinta nauyi. Tun daga ranar ya sayi tabarau wanda ba na magani ba, ya kafa doka cewa wanda bai ce masa Injiniya ba, ba da shi yake ba.

Ni kuwa Dilawar, uwata da tasa ciki ɗaya suka fito. Na bar makaranta tun ranar da ni da malamin lissafi muka gane ajin ya yi mana kaɗan, shi kuma yana da iyali. Keken haya mai ƙafa uku nake tuƙawa. Amma in ana maganar zuga mutum ya hau bishiya sannan a janye tsani, duk garin nan ni ne shugaban jami'ar.

To ga abin da ke ƙasa. Kawunmu Inayat, mai shagon alawa da jalebi, soyayyen zaƙin nan da ake tsoma wa a ruwan sukari, yana da wani shago da ke kulle a ƙofar kotu. Ka san ƙofar kotu, ko akuya ta iya buga takarda a wurin sai ta gina bene. Mutum biyu suka ƙwallafa rai a kan shagon: Sarfraz, da yake mafarkin buɗe "cibiyar kwamfuta ta ƙasa da ƙasa," da Buta mai yanka kaji. Ranar da Kawu zai tafi aikin Hajji ya jefa makullin a aljihu, ya ce, "In Allah ya dawo da ni, wanda na ga ya fi hankali a cikinku shi zan ba."

Sarfraz ya yi dariya har tabarau ya zame. "Ni da mai fige kaza? Kawu, ai ka ba ni kawai ka huta."

Ana saura kwanaki jirginsu ya sauka, matar Kawu, Mami Zubaida, ta aika a kira mu. Duk gidan da ke da alhaji a unguwar ya rataya ƙyallen maraba, irin na robar nan da ake bugawa da inji, da hoton alhajin da furanni. Na maƙwabta har ya rufe musu taga.

"Sarfraz, ɗana," in ji Mami, "ina son wanda zai sa matar maƙwabcin nan ta kasa cin abinci."

Ya bugi ƙirji. "Mami, ki sa a ranki ta fara azumi."

Muka hau ɗakinsa na sama. Ya buɗe kwamfuta, ya lanƙwasa yatsu suka yi ƙas ƙas, ya shiga neman shafin da ya fi kowane ado. Na maraba da alhazai ya gani sun fi a ƙirga, duk ya yatsina. Wannan na ƙauyawa ne, wancan kowa ya yi shi. Can sai ya daka tsalle.

"Dilawar! Zo ka ga aikin masu ilimi!"

Na leƙa. Shafi ne baƙi wuluk, an kewaye shi da zanen zinariya, jajayen wardi na zubowa ta kowane gefe. A tsakiya ga wani farin bijimi, ƙato kamar motar yashi, an jibga masa sarƙoƙin furanni har kunne. Tallan wata gonar kiwo ne na layyar da ta wuce, da bayanin bijimin a ƙasa da farin rubutu.

Na ce, "Injiniya Sahib, ranka ya daɗe, wannan fa sa ne."

"Jahilci dai ciwo ne. Ado nake so, ba san ba. In kwafo shafin, in cire sa, in sa Kawu. Ka taɓa ganin alhajin da ya samu irin waɗannan furannin?"

Gaskiyarsa ta nan. A garinmu abu biyu ake rataya wa furanni har su kasa waiwaye: san layya da alhaji sabon sauka.

Ya ja linzamin kwamfuta daga sama har ƙasa, ya kwafa, ya koma shafin rubutu ya liƙa. Sai ga rubutu tsirara, baƙi siriri, babu zinariya, babu wardi, babu ko jelar sa. Kamar an tura amarya wanka an dawo da ita da tsumma.

"Ina ƙamshin?" na tambaya.

"Rufe mana baki. Wannan liƙin talakawa ne, hannuna ne ya zame. Akwai liƙin manya, wanda ke tahowa da tsarin shafi yadda yake."

Ya goge, ya zaɓi liƙin manya. Kwamfuta ta yi nishi, ta yi shiru, fankarta ta tashi kamar jirgin da zai kai alhazai. Sannan ta amayo. Wayyo, abokina! Komai ya zo. Komai fa! Zinariya ta zo, wardi ya zo, tallan man gashi ya zo, tallan shayin rage tumbi ya zo, wata mata mai sayar da injin wanki ta zo tana murmushi. Shi kuwa bijimin, kansa na shafin farko, tozonsa na na biyu, gindinsa ya yi hijira can ƙarshe ya zauna kan hasashen yanayi.

Na ce, "Ma sha Allah, ko ɗigo bai faɗi ba. Har da na maƙwabta ka kwaso."

"Gyara kaɗan ne."

Ya kama tallan man gashi ya goge, sai zinariyar gefen dama ta bi shi. Ya dawo da zinariya, mai injin wanki ta haihu, suka zama biyu. Ya ɗan matsar da kan bijimin, wallahi bai kai faɗin gashin gira ba, sai duk shafin ya watse kamar an jefa dutse cikin tattabaru. Wardi ya hau kan sa, sa ya hau kan mata, mata ta faɗa ƙasan takarda ƙafafu a sama.

Gumi ya fara tsiyaya daga hancin Injiniya. Ya cire tabarau don ya ga da kyau.

"Kwamfutar ce ba ta saba da aiki mai nauyi ba," in ji shi.

"Ko in kira Buta? Shi ma yana raba kai da gangar jiki, amma shi yana sanin inda ya ajiye kowanne."

Ya jefe ni da takalmi. Takalmin na cikin iska aka ɗauke wuta, batirin kwamfutar kuwa ya rasu tun bara. Allo ya yi baƙi. Bai adana komai ba.

Da wuta ta dawo ya yi wayo, ya kwafo tsakiyar shafin kaɗai. Wannan karon sai abin ya zauna daram: zinariya a gefe, wardi na zuba, bijimi cikakke da kansa da jelarsa. Abu ɗaya ne bai biyo ba, baƙin bangon shafin. Takarda ta fito fara sol, ƙarƙashin bijimin kuma fili fetal, ba ka ganin komai.

Sarfraz ya miƙe tsaye ya buɗe hannuwa. "Ka gani? Ka gani, direban gwangwani? Har bayanin san ta zubar da kanta! Kwamfuta ta san hannun maigidanta."

Ya cire bijimi, ya sa hoton Kawu. Sarƙoƙin furannin suka zauna a wuyan Kawu cif, kamar tela ya auna. A sama ya rubuta da ruwan zinariya: BARKA DA SAUKA ALHAJI INAYAT. Can ƙasa kuma, da haruffan da suka kusa fin na Kawu girma: AIKIN INJINIYA SARFRAZ, da lambar wayarsa.

Sai ya ga filin nan na tsakiya ya yi yawa, ya ja linzami a kansa zai rage. Yana ja yana kallon madubi yana gyara gashi. Ni kuwa idona na kan allo. Inda linzamin ya bi ya yi shuɗi, sai ga haruffa sun ɗago kai layi-layi, kamar kifi a ƙarƙashin ruwa. Ashe bayanin bijimin bai je ko'ina ba. Farin rubutu ne ya kwanta a farar takarda ya yi lamo.

Abokina, ka san daɗin da mutum ke ji in ya tsinci abu a titi ya taka da ƙafa ya waiga? Shi na ji. Na ce, "Injiniya, ni dai a jahilcina, da ka bar filin nan. Kar ka taɓa, mai injin wanki ta dawo."

Ya saki linzami kamar ya taɓa wuta. "Dama barinsa zan yi. Manyan masu zane suna barin fili don ido ya huta. Ba za ka gane ba."

Nan take ya tura wa Ustad Makbul mai injin buga ƙyalle, ya ce a buga shi tun daga saman bene har ƙofar gida. Sannan ya sauka da kwamfutar, ya jona ta a wuta, ya nuna wa Mami. Mami ta ga mijinta cikin wardi ta fara share hawaye da gefen gyale.

Na yi gyaran murya. "Ya yi kyau ƙwarai. Sai dai farin nan... mutum ya dawo daga tafiya lafiya, a naɗe shi a farin ƙyalle tun daga sama har ƙasa..."

Mami ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Likkafani! Sarfraz, kawun naka kake wa fata?"

"Mami, ba haka..."

"Kore! Kore nake so, shar, irin na ƙubbar Madina!"

Sarfraz ya harare ni, ya zaro waya. "Ustad, ka sa kore a bayan aikin nan. Kore kawai. Kar ka taɓa komai."

Ba a jima ba wayar ta yi ƙara. Ina kusa, ina jin muryar Ustad Makbul.

"Sarfraz, na sa koren. Amma rubutun nan na ƙasan hoton, ka karanta shi kuwa?"

Shi Injiniya duk zatonsa sunansa ne ya tsone wa mutumin ido. "Na karanta? Ni na rubuta shi!"

"Kuma iyalin sun yarda a rataya wannan a titi?"

"Mami har kuka ta yi don daɗi. Ustad, kai bugawa aka ce ka yi ko sharhi? Ka rage harafi ɗaya, in kwashe aikina in kai birnin Lahore!"

Sannan Ustad ya ce, "To. Kawunka ne, ba nawa ba."

Da ƙyallen ya iso a naɗe kamar tabarmar masallaci, Mami ta ce a buɗe ta gani. Na ce a raina shi ke nan, asiri zai tonu. Amma Allah ya yi wa Sarfraz baiwar taimakon maƙiyinsa.

"A'a, Mami! Ba a buɗe irin wannan a tsakar gida kamar shanya. A naɗe za a ɗaure shi a saman bene. Kawu na sauka daga mota, in ja igiya, ya sauko shuuu a gaban duniya. Haka ake yi a Dubai."

Na ce, "Wallahi haka ake yi." Ni na ɗauki gefe ɗaya ma muka hau da shi.

Ranar sauka layinmu ya cika ya batse. 'Yan uwa daga ƙauye, abokan kasuwa, liman, masu waƙen yabo da lasifika, tsofaffin 'yan kokawa da tumbinsu, mahauta, almajiran shagon alawa ɗauke da farantan jalebi. Matar maƙwabci ta leƙo ta ƙasan nata ƙyallen tana taɓe baki. Buta mai kaji ya zo da sabuwar riga, da gashin kaza ɗaya maƙale a ƙeya.

Mota ta tsaya. Kawu ya fito, kai a aske, fuska na sheƙi. Kafin ya taka uku an rataya masa furanni har sun rufe masa kunnuwa, in zai dubi mutum sai ya juyo da jiki duka. Ana watsa masa wardi, yana ɗaga hannu a hankali kamar wanda bai taɓa zagin yaron shago ba.

Sai murya daga sama. Sarfraz ne a bakin bene, da kwat a wannan zafin, ya karɓe lasifikar masu yabo.

"Jama'a! Yau za ku ga bambancin ilimin zamani da fige kaza! Abin da za ku gani yanzu, kowane harafi, kowane ɗigo, aikin hannuna ne ni kaɗai. Ba wanda ya taya ni. Duk abin da ke jikin ƙyallen nan, daga zuciyata ya fito game da Kawuna!"

Na ɗaga murya daga ƙasa, "Mun shaida!"

Ya ja igiya. Ƙyalle ya sauko shuuu, kore shar, ya rufe gaban gidan. Ga Kawu cikin zinariya da wardi. Jama'a suka ce, "Ma sha Allah!" Sai kuma "Allah" ɗin ya yi ta siririncewa har ya ɓace, don idanuwa sun sauka ƙasan hoton. Farin rubutu ne ɓaro-ɓaro a kan kore, kowane harafi ya kai kan yaro.

Liman ya buɗe baki zai karanta, ya rufe, ya shiga duba carbinsa. Buta ne ya taimaka. Shi karatunsa a hankali yake, da ƙarfi, yana bin layi da yatsa.

"SARKIN... KASUWAR... BANA. Haƙora biyu. An kiwata shi da madara da man shanu, ba ya ƙin kowane abinci."

Wani ya yi tari a baya.

"Nauyi, sai an kawo sikelin mota. Lafiyayye, ba rauni, ba gurgunta. Ba ya tunkuyi, ba ya harbi, yara ma suna hawansa." Buta ya matsar da yatsa gaba. "Ya isa mutum bakwai su raba. A zo a duba, a shafa, a daidaita. Aikin Injiniya Sarfraz."

Tsit. Ko ƙudan kan jalebi sun daina motsi.

Kawu ya juyo da jiki duka ya ɗaga kai. Ya karanta. Mamaki ya sa bakinsa ya buɗe a hankali. To ka san mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana ɗanɗana alawa kafin ya sayar. Rana ta haska cikin bakin nan, duk layin ya gani: haƙoransa guda biyu ne rak, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, ko gaisawa ba sa yi.

Wani tsohon mahauci ya ce a hankali, "Wallahi ba algus a tallan."

Shi ke nan, layi ya fashe. 'Yan kokawa suka riƙe tumbi suka zube. Masu yabo suka shige bayan mota. Matar maƙwabci dariya ta ci ƙarfinta har sai da aka riƙe ta kar ta faɗo ta taga. Wani daga baya yana ihu, "Ni na kama kashi ɗaya, a ba ni cinya!" Mami Zubaida ta cire takalmi tana neman wanda za ta fara da shi.

Shi kuwa Injiniya, daga sama ba ya ganin gaban ƙyallen. Ya ji ihu ya ɗauka yabo ne. Sai ya dafa ƙirji yana sunkuyawa. "Na gode! Na gode! Masu son irinsa ga lambata nan a ƙasa! Kowa ya kawo hoton mahaifinsa!"

Na ce, "Injiniya Sahib, sauko ka karɓi tukuici!"

Ya sauko da gudu yana gyara kwat. Ya fito ƙofa, ya juya, ya ɗaga kai. Na ga leɓensa na motsi. A "haƙora biyu" tabarau ya faɗi. A "mutum bakwai" ya ɗora hannu a ka. Ya daka tsalle zai finciko ƙyallen, amma ɗaurin da muka yi masa ko guguwa sai ta yi shawara. Ya manna bayansa a jiki ya baza hannuwa don ya rufe rubutun, sai ya rufe komai ban da "a zo a duba, a shafa." Yara kuwa suka zo suka shafa.

"Kawu," ya ce, murya kamar ta ɗan tsako, "matsalar tsari ce. Wato shi rubutun fari ne, bangon kuma da baƙi ne, to da na yi liƙin manya..."

Kawu ya ɗaga hannu. Ya cire furannin wuyansa ɗaya bayan ɗaya ya miƙa wa liman. Ya sa hannu a aljihu, ya zaro makullin shagon ƙofar kotu, ya ajiye a tafin Buta.

"Riƙe, Buta. Kai in ka yanka abu, aƙalla ba ka rataya hotonsa."

Sannan ya dubi Sarfraz da wani irin murmushi mai sanyi. "Matso, ɗan 'yar'uwata. Kar ka ji tsoro, daga ɗakin Allah nake, ba na son ƙarya, ba na kuma fushi da gaskiya. Madara da man shanu, gaskiya ne. Nauyi, gaskiya ne. Haƙora, kowa ya gani. Wuri ɗaya kawai ka yi mini ƙage."

Sarfraz ya ɗan samu numfashi. "Ina ne, Kawu? Yanzu in gyara."

"Juya ka duba layi na huɗu."

Ya juya, ya sunkuya yana ƙirga layi da yatsa. Kawu, wanda ashe a zamaninsa sai da ya kayar da rabin 'yan kokawar da ke wurin, ya tattare wandonsa, ya ja da baya, ya yi bismilla.

Tim!

Injiniya ya tashi sama da kwat ɗinsa, ya wuce liman, ya wuce masu yabo, ya sauka da fuska cikin farantin jalebi.

Kawu ya saki wando, ya karɓi furanninsa ya mayar wuya.

"Wannan 'ba ya harbi' ɗin," in ji shi, "a goge."